Hayaƙi da Ƙara a Ma'aunin Haƙƙin Maƙwabci

Mutum ya sayi janareto da halaliyarsa, ya girka shi cikin gidansa, ya juya bututun hayaƙin wajen tagar maƙwabci. In aka yi masa magana, sai ya ce ai bai ƙetare katangar kowa ba. Gaskiya ne shi bai ƙetare ba, amma hayaƙin da ƙarar sun ƙetare. To, shin yana da alhakin abin da suka yi a can?

Game da hayaƙi dai babu gardama. Shaihu Halil, cikin Muhtasar, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya tabbatar da cewa ana hana mutum ƙago wa maƙwabtansa hayaƙi irin na gidan wanka, ko wari irin na majema. Binciken likitoci kuwa ya ƙara wa wannan hukunci ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana kashe mutum wajen miliyan 7 kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu, da na zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Cikin hayaƙin janareto akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yakan riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, saboda haka mai barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa.

Wajen ƙara ne magana take da wuya, domin Muhtasar ɗin nan bai hana sauti irin na bugun tufafi ba. Mai injin niƙa da mai janareto suna iya kafa hujja da wannan, kuma ba za a ce hujjarsu banza ce ba: sana'a abin kiyayewa ce, gari kuwa ba ya zama shiru kamar maƙabarta. Amma fa a dubi mabugi da kyau. Da hannu yake aiki, hannu kuwa yana gajiya, in dare ya yi ya ajiye itacensa kowa ya kwanta. Inji ba ya gajiya. Sa'an nan malaman mazhabar sun ce in bugun yana yi wa bangon maƙwabci lahani, sai a hana shi. Ashe abin lura shi ne cuta, ba sunan sana'a ba. A zamaninsu tsagewar bango ake iya gani. Yau an san cewa ƙarar da ta wuce desibel 85, in aka daɗe cikinta kullum, tana kashe ji sannu a hankali, kuma ƙarar dare tana yanke barci, ta jawo hawan jini da ciwon zuciya. Yana da wuya mai hankali ya yarda a kare bangon ƙasa a bar jijiyar mai gidan.

Abin da ya fi nauyin faɗa shi ne lasifikar masallaci. Kiran salla alama ce ta addini, ba shi ake nufi ba. Ana nufin wa'azi da karatun da akan sake a kan unguwa har tsakar dare, alhali akwai majiyyaci, da jariri, da leburan da zai yi sammako. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri cewa Annabi (S.A.W.) yana i'itikafi ya ji ana ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna. Masu ibada ke nan cikin masallaci ɗaya, ina ga wanda ke kwance a ɗakinsa? A shekarar 1442 ta Hijira, watau 2021, Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta Saudiyya ta ba da umarni a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙararta ta wuce sulusin ƙarfin na'urar.