Wa Ya Fara Neman Wani?

A cikin duwatsun Ningi ne wani labari ya ɓuya wanda Kiristocin Hausa ke ji da shi. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda hukuma za ta lamunta. Aka kashe shi, almajiransa suka watse, wasu suka fake a Ningi. Su ne Isawa.

A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller, ɗan mishan na ƙungiyar CMS, a Zariya. Da ƙafarsu suka je. Aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira daga baya suka zama cikin tushen jama'ar Kirista ta Wusasa.

Masanin tarihi zai kawo dalilan siyasa da na hijira, kuma yana da hujja. Isawa da yawa ma ba su taɓa shiga coci ba. Amma Kirista yana karanta labarin ta wata fuska: tun Bature bai sauka ba, Allah ya riga ya fara aiki a zukata. Wannan shi ne ƙashin bayan koyarwar Kiristoci game da ceto. A wurinsu Allah ne ya fara neman mutum, ya zo cikin Yesu Almasihu, ya gafarta zunubi ta mutuwarsa da tashinsa, sa'an nan Ruhu Mai Tsarki ya ci gaba da gyaran hali har ƙarshen rai. Shi ya sa in an ba mai bi dama ya ba da shaida ranar Lahadi, da abin da Ubangiji ya yi masa yake farawa: bashin da ya iya yafewa, giyar da ya bari, ɗan'uwan da suka shirya bayan gaba.

To ina rabon mutum? Maƙwabcinsa Musulmi zai yi wannan tambaya, kuma Kiristoci sun daɗe suna yi wa junansu ita. Wani malaminsu, Felajiyus, ya ce mutum na iya yin biyayya da ƙarfin kansa, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce sai da alherin Allah. Taron coci na Kartaj a 418 ya bi bayan Agustin. Muhawarar ta sake kunno kai da Martin Luther a 1517, sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu kan matsaya ɗaya a Augsburg.

Amsar da aka fi ji a mumbari ta manomi ce: huɗa da shuka nasa ne, ruwan sama ba nasa ba. Aikin kirki yana biyo bayan ceto, ba ya sayen sa. Koyarwar tana da haɗari ga malalaci, wanda zai naɗe hannu ya ce an gama masa komai. Wasiƙar Yaƙub a Sabon Alkawari ta toshe wannan ƙofa tun tuni, domin ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba a matsayin gawa.