Inuwar Giginya: Shin Kyan Manufa Yana Wanke Zaluncin Shugaba?

Gabatarwa

Hausawa kan kira mutumin da alherinsa ke tsallake na gida ya isa ga bare da suna inuwar giginya, na nesa ka sha. Wannan karin magana shi ne ya faɗo mini a rai sa'ad da na bi diddigin abin da ya auku a wasu manyan ƙungiyoyin kare muhalli guda biyu na ƙasar Amurka tsakanin shekarar 2019 da 2021. Ƙungiyoyi ne waɗanda ba riba suke nema ba, aikinsu shi ne kare dazuzzuka da koguna da tsuntsaye daga ɓarnar ɗan Adam. Amma kuma sai ga ma'aikatansu sun fito suna kukan cewa su ba su sami mai kare su daga shugabanninsu ba. Tambayar da wannan maƙala za ta tattauna ita ce: idan manufar aiki kyakkyawa ce, kuma shugaba yana cim ma ta, shin wannan ya isa ya wanke shi daga laifin musguna wa waɗanda ke ƙarƙashinsa?

Abin da ya faru

Ƙungiya ta farko ita ce The Nature Conservancy, wadda aka kafa a 1951, take kuma aiki a ƙasashe fiye da 70. A shekarar 2019 wasu zarge-zarge na cin zarafin mata suka ɓulla a shafin Twitter, ƙungiyar ta ɗauko wani kamfanin lauyoyi domin ya bincika. Binciken ya nuna cewa mata da dama na ganin wurin a matsayin gidan maza, inda ci gaban mace ke da wuya. Ya kuma nuna cewa sau da yawa idan aka kawo ƙara babu shaida na uku, wanda ake ƙara ake ba gaskiya. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara Brian McPeek, ɗaya daga cikin manyan shugabannin, ya ajiye aiki. Bayan mako guda shugaban ƙoli, Mark Tercek, wanda ya riƙe ragamar tun 2008, shi ma ya ba da sanarwar sauka. Ba shi aka zarga da aikata abin ba, yadda ya tafiyar da al'amarin ne ya jawo masa suka.

Ta biyu ita ce ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye, wadda aka kafa a 1905. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ta sallami ma'aikata fiye da 100, wasunsu ma a ranar 22 ga Afrilu, wato ranar da duniya ta keɓe domin tunawa da muhalli. A watan Nuwamba na shekarar jaridar Politico ta buga koke-koken ma'aikata game da tsoratarwa da wariya. Shugaban ƙungiyar, David Yarnold, wanda ya hau tun 2010, ya ba da sanarwar barin aiki a Afrilun 2021. A wata mai bi masa rahoton lauyoyin da aka sa bincike ya fito, ya tabbatar da cewa akwai al'adar tsoro da ramuwar gayya a wurin, musamman a kan mata da waɗanda ba farar fata ba, kuma ana kawar da kai daga masu cin zalin na ƙasa da su.

Abin ban takaici shi ne, mata ne suka assasa wannan yunƙuri. A 1896 wasu mata biyu, Harriet Hemenway da Minna Hall, suka kafa ƙungiyar Audubon ta jihar Massachusetts domin hana kashe tsuntsaye dangin balbela, waɗanda ake fige gashinsu ana ƙawata hulunan mata da shi. A 1905 kuwa wani mai gadin tsuntsaye mai suna Guy Bradley ya rasa ransa a jihar Florida yayin da yake ƙoƙarin kama mafarauta, ba a kuma hukunta wanda ya harbe shi ba. Ke nan da gumin mata da jinin ƙaramin ma'aikaci aka gina gidan.

Dalilin shirun ma'aikaci

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana waɗannan ma'aikata magana tun da wuri? Amsar tana cikin irin aikin kansa. Wanda ya kama aiki a masaƙa ko banki ya san cewa ƙarfinsa ya sayar, idan aka tauye shi ba ya jin kunyar neman haƙƙinsa. Shi kuwa ma'aikacin ƙungiyar kare muhalli, galibi ƙauna ce ta kawo shi. Ya yarda da albashin da bai kai na takwarorinsa ba, yana kwana a daji yana ƙidayar tsuntsaye, domin yana ganin aikin ya fi ƙarfin kuɗi. To, wannan ƙaunar ita ce ke zame masa dabaibayi. Ya san cewa ƙungiyar da gudummawar jama'a take rayuwa, ya kuma san cewa idan sunanta ya ɓaci masu bayarwa za su janye hannu, dajin da yake so ya tsira shi zai fara cutuwa. Sai ya haɗiye abin da ke damunsa, yana ganin haƙurinsa ma wani ɓangare ne na aikin.

Bugu da ƙari, kwamitin amintattu da ke sa ido a kan shugaba ba kasafai yake jin muryar kowa ba sai ta shugaban. Abin da ake kawo masa shi ne yawan kuɗin da aka tara da faɗin ƙasar da aka killace. Babu shafin da ke nuna mutum nawa suka ajiye aiki saboda wulakanci. Ga shi kuma fagen aikin ƙarami ne, kowa ya san kowa, wanda aka yi wa tambarin fitina a wuri ɗaya da wuya ya sami shiga wani.

Hujjar masu kare shugaba

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare irin waɗannan shugabanni suna da hujja mai nauyi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa yawan tsuntsayen Arewacin Amurka ya ragu da kusan biliyan 3 tun daga 1970. Sukan ce, gida na cin wuta, ba lokacin lallashin masu ɗebo ruwa ba ne. Shugaban da ya iya tara kuɗi, ya iya shawo kan 'yan majalisa, samun irinsa sai an tona, saboda haka kamata ya yi a jure halinsa. Tsuntsun da ya ƙare a doron ƙasa ba ya dawowa, amma ma'aikacin da aka ɓata wa rai zai huce. Sukan ƙara da cewa kuɗin amanar masu bayarwa ne, tsuntsu aka ba, ba ma'aikaci ba.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin kuwa ba duk shugaba mai tsanani ne azzalumi ba. Wanda ya dage sai an gama aiki a kan lokaci, ya ƙi karɓar rahoton da aka rubuta da ganganci, ya sallami malalaci bayan gargaɗi, bai zalunci kowa ba. Haka nan idan kuɗi suka yi ƙaranci, rage ma'aikata na iya zama tilas. Sai dai abin da rahotannin nan biyu suka bayyana ya sha bamban da tsanani. Tsanani aiki yake dubawa, kuma kowa yake hawa, har shi shugaban. Zalunci kuwa mutum yake dubawa, yana zaɓen mai rauni, yana hukunta wanda ya faɗi gaskiya.

Raunin wannan hujja

Raunin farko shi ne ɗaukar cewa tsoro yana ƙara wa aiki albarka. Aikin kare muhalli a kan labarin gaskiya ya dogara. Ƙaramin ma'aikacin da ke fili shi ne ke fara ganin cewa itatuwan da aka dasa sun mutu, ko kuwa mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da gandun sun fara fushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya koyi cewa kawo mummunan labari na jawo wa mutum baƙin jini, zai riƙa kawo mai daɗi kawai, shugaba ya zauna a ofis yana murna da alƙaluman da ba su da tushe. A nan tsuntsun ma ya cutu.

Amma bai kamata mu tsaya a kan wannan ba, domin idan muka ce a mutunta ma'aikaci don kawai aiki ya yi kyau, mun yarda ke nan a wulakanta shi duk ranar da wulakancin zai kawo riba. Rauni na biyu ya fi zurfi. Tushen kare muhalli shi ne imani da cewa ƙarfi ba ya halatta wa mai shi yin yadda ya ga dama da mara ƙarfi. Shi ya sa ake ce wa mai kamfanin katako kada ya share daji don kawai yana da zarto. Shugaban da ya faɗi haka da safe a gaban 'yan jarida, sannan da rana ya tozarta sakatariyarsa don kawai yana da ikon korar ta, ya rushe hujjar da shi kansa ya tsaya a kai. Halin da yake yaƙa a waje shi ne yake aikatawa a cikin gida.

Rauni na uku ya shafi amana. An ce kuɗin masu bayarwa amana ne, haka ne. To amma ƙaunar da ma'aikaci ya zo da ita, da rangwamen da ya yi a kan albashinsa, su ma gudummawa ce, har ta fi ta attajiri tsada, domin shi daga rararsa ya bayar, ma'aikaci kuwa shekarun ƙuruciyarsa ya bayar. Shugaban da ya mai da wannan ƙauna igiyar ɗaure bakin mai ita ya ci amanar da ta fi ta kuɗi girma. Saboda haka kyan manufa ƙara wa shugaba nauyi yake yi, tun da mutanen da ke ƙarƙashinsa sun miƙa masa abin da ba su miƙa wa mai masaƙa ba.

Kammalawa

Ma'aikatan Audubon dai ba su tsaya jiran sauyin hali daga sama ba. A 2021 suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago, sai a 2024 suka cim ma yarjejeniyar farko da hukumar gudanarwa. Wasu sun ga kamar wannan tawaye ne ga manufa, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙungiyoyin biyu kuma suka ɗora mata a kan shugabanci, Jennifer Morris a The Nature Conservancy a 2020, Elizabeth Gray a Audubon a 2021, ko da yake sauya mutum ɗaya ba shi ne sauya al'ada ba.

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla za su sami kansu a ƙungiyoyi masu zaman kansu bayan kammala karatu, wasu a matsayin ma'aikata, wasu wata rana a matsayin shugabanni. Ga na farko, ina cewa faɗin gaskiya game da zalunci a cikin gida ba cin amanar manufa ba ne. Ga na biyu kuwa, ina ba da shawarar su riƙa auna kansu da tambaya ɗaya: shin direba ko masinja zai iya shigowa ofishina ya ce mini na yi kuskure, ya kwana da tabbacin cewa gobe aikinsa na nan? Idan amsar a'a ce, to komai faɗin dajin da aka killace, akwai sauran gyara, kuma daga teburin shugaba ya kamata a fara shi.