Maganar Da 'Yan Wasa Kaɗai Su Ke Ganewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin wata bishiya cikin Kazaure, ko a bakin kasuwar Roni, ko Gwiwa, ko can Babura wajen iyakar Nijar, ya san abin da za ni faɗa. Za ka ga mutum biyu sun sunkuya, sun tona ramuka 30 a ƙasa, layi 5 ko wanne da gida 6, wannan da tsakuwa 12, wancan da guntayen kara 12, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. 'Yan kallo sun kewaye su. Can sai wani ya furta 'yan kalmomi waɗanda ba su da kai ba su da gindi, sai majalisa duka ta ɓarke da dariya, har dattijo mai furfura na share hawaye. Kai kuwa baƙo ka yi tsaye sororo. Hausa aka yi, ko wace kalma ka san ta, amma ba ka ji kome ba.

To, abin tambaya shi ne, shin wannan irin magana alheri ce ko kuwa zalunci ne da aka lulluɓe da wasa? Kada mai karatu ya ce abin bai kai a ɓata takarda ba. Na ga zumuncin shekara goma sha ya tsinke a kansa.

Da fari sai mu duba inda irin wannan magana ta ke fitowa. Ba a zama a shirya ta. Kusan kullum daga kuskuren wani ta ke tsirowa, ko wautarsa, ko tsoronsa, a rana guda, gaban shaidu. Wannan kuwa ba halin Hausawa kaɗai ba ne. A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutane kan zauna kewaye da tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani, wannan jarumi, wancan boka, wancan ɓarawo. In mutum ya ce zai yi abu, sai ya jefa wani ɗan abu irin na ludo, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ya dace ko bai dace ba. Bai yi nisa da kalankuwarmu ba, inda samari bayan kaka su kan naɗa wannan sarki, wancan alƙali, kowa ya riƙe matsayinsa. Masu wannan wasa suna da wani labari da ya game su. Wai mai ba da labari ya ce wa wani ɗan wasa ga wani abu can bisa tudu, ya kira shi da kalmar Turanci mai nufin 'yar rumfar shan iska ta cikin lambu. Shi kuwa bai san kalmar ba, ya zaci dodo ne. Ya kira ta ba ta amsa ba, ya ɗana kibiya ya harbe ta. Da mai ba da labari ya gaji, sai ya ce to, rumfa ta farka ta cinye ka. Har yau in an ambaci rumfar nan a tsakaninsu sai dariya, alhali mafi yawansu ba su taɓa ganin mai harbin ba.

Mu ma a majalisarmu ta dara muna da tamu. Akwai wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Roni, mai kawo hatsi ran kasuwa, gwani ne ƙwarai, ba ya son a ci shi. Wata rana wani yaro matashi ya matsa masa, 'ya'yansa suka rage huɗu, kowa ya ga abin da zai faru. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce, "A jira ni in ɗaure jaki." Ya tafi, ba mu sake ganinsa ba sai wata kasuwa. Tun daga ran nan, duk wanda ya ga ci ya matso, ko mai bin bashi ya tunkaro, sai a ce, "Wane zai ɗaure jaki." Shi kansa dattijon yana dariya, har ya kan riga mu faɗi.

Ba na musun amfanin wannan. Mutanen da suka daɗe tare suna bukatar abin da zai tuna musu daɗewarsu, kuma kalma uku irin waɗannan sun fi dogon jawabi. In na ce wa abokina jaki, na ce masa ke nan, ina nan ran da abin ya faru, kai ma kana nan, har yanzu kuwa muna tare. Attajiri da ɗan dako su kan zama ɗaya a gindin bishiya saboda ita. Har wa yau, harshe kansa da haka ya ke yin ƙiba. Wa ya san majalisar da aka fara cewa dara ta ci gida? Amma ga shi yanzu wanda bai taɓa riƙe tsakuwa ba yana faɗinta in sharrin mutum ya komo kan nasa. Masu tarihi ma sun ce sunan Kazaure daga maganar wani maharbi ya fito, da ya ga wurin ya ce kamar zaure ne. Maganar mutum ɗaya ce ta zama sunan gari.

Amma fa akwai wuri biyu da abin ya ke ɓaci. Na ɗaya shi ne wajen baƙo. Ya zo a hadisi cewa in mutane uku ne, kada biyu su keɓe da ganawa su bar ɗaya, domin hakan na baƙanta masa rai. To, wanda ya yi maganar da mutum tara suka gane, na goma bai gane ba, me ya raba shi da mai raɗa? Ya yi raɗa ne da ƙarfi. Wannan ciwo kuwa maganinsa na da sauƙi, watau a juyo a ba baƙo labarin jaki tun daga farko. Da ya ji ya yi dariya, ya zama ɗan gida. Majalisar da ba ta yin haka, wadda daɗinta shi ne ta ga baƙo na rarraba ido, ba zumunci ta ke yi ba, katanga ta ke ginawa.

Na biyu ya fi wuya, a nan kuma na ke so mai karatu ya dakata. Maganar nan a bayan wani aka gina ta. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana izgili, ta kuma hana jifan juna da laƙabi. Wani zai ce ai shi ma yana dariya. Gaskiya ne, amma dariya iri biyu ce. Dubi wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko tsakanin taubasai. Ana faɗin maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, amma ba a fushi. Don me? Domin ko wane ɓangare na da ikon ramawa, kuma kowa ya san filin da a ke yin wasan. Abin da ke halatta ba'a, a ganina, shi ne wannan: mai ita yana nan zaune, bakinsa a buɗe, kuma ba a fitar da ita daga wurin da aka haife ta ba. Dattijonmu ya yarda a yi masa dariya gaban waɗanda shi ma ya san asirinsu, ya san wanda ya taɓa ɓoye tsakuwa cikin hannun riga, ya san wanda matarsa ta zo ta kore shi daga kan wasa. Bai ba mu iznin mu kai jakinsa ko'ina ba. Amana ce, ko da ya ke ba wanda ya kira ta da wannan suna.

Ni ne na ci amanar, ba kuwa da mugun nufi ba. An yi ɗaurin auren 'yarsa, muka tafi ƙauyen mu shida. Bayan an shafa fatiha a na zaune a zaure, ga surukansa, ga liman, ga 'ya'yansa maza, sai ya miƙe zai shiga gida. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Alhaji, jaki za a ɗaure?" Mu shida muka kwashe da dariya. Surukai suka tambaya, wani daga cikinmu ya ba su labari duka, da yaron da ya kusa cin sa, da 'ya'ya huɗun da suka rage. Ka ga abin da na yaba ɗazu, watau ba baƙo labari, shi ne a nan ya zama wuƙa. Dattijo ya yi murmushi ya shige. A gindin bishiya ba shi da abin karewa sai gwanintar dara. A zaurensa kuwa maigida ne, gaban mutanen da ya ba 'ya, ba shi da halin ya rama, don mai masaukin baƙi ba ya tona asirin baƙonsa.

Kasuwa ta ci sau uku bai zo majalisa ba, ko da ya ke an gan shi wajen 'yan hatsi. Wasu suka ce girman kai ne, da wasa a ke gaya wa mutum gaskiya, ai ya gudu ɗin. Na ce gudun gaskiya ne, amma ba kowace gaskiya ce ta kowane zaure ba. Na hau mota na tafi har ƙauyen, na same shi yana gyaran danga, na ce, "Alhaji, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce ba kome, ya sa aka kawo mini fura. Da zan tashi na ce yaushe za mu gan shi, gurbinsa na nan ba wanda ya zauna. Ya dube ni ya yi dariya sosai, irin ta da, ya ce, "Malam, a jira ni, har yanzu ban gama ɗaure shi ba."

Shekara biyu ke nan. Ran kasuwa ya kan ɗaga mana hannu daga nesa, mu ɗaga masa.