Ruwan Alwala da Ruwan Sha: Tunatarwa ga Masu Hidimar Zawiya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa mai tsarkakewa, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman Malikiyya suna auna ruwan tsarki da siffofi uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In ba su canza ba, alwala ta inganta. Ko sun canza saboda mazaunin ruwan, kamar kanwa ko jar ƙasar tabki, tsarkinsa yana nan. Sai dai hukuncin alwala daban, lafiyar ciki daban.

Allah Ya halicci ruwa daga haidirojin biyu da oksijin ɗaya, Ya ba shi ikon narkar da abin da ya ratsa. Shi ya sa ruwan gulbi yake ɗauko laka da ƙwayoyin cuta, na rijiya mai zurfi kuma ya ɗauko ma'adinan duwatsu. A Tibirin Maradi, ruwan wata rijiyar burtsatse ya fito garau, amma sinadarin fulorayid ya yi yawa cikinsa, har haƙoran yara masu yawa suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Ido ba ya ganinsa, tafasawa ba ta fitar da shi, sai gwajin masana ke tona shi.

Kowane gurɓata da maganinsa. Alif ko garin ƙwayar zogale suna tara laka ta kwanta, sai a tace. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin amai da gudawa. Kulorin ma haka, in an sa gwargwado aka jira minti 30.

Don haka mai cika randuna ranar Maulidi ko zikirin Juma'a amana ce a wuyansa: ya san inda aka ɗebo ruwan, ya rufe randa, ya keɓe moɗa mai tsabta. Shayarwa sadaka ce, kada ta zama sanadin kwanciyar baƙo.

Zuciya ma haka take. Muridi zai iya yin garau a zahiri, alhali riya da hassada sun narke a cikinsa. Istigfari yana kwantar da laka, salatin Annabi yana wankewa, ɓoyayyar cuta kuwa sai shehu mai tarbiyya ya nuna ta.

Allah Ya tsarkake zahiri da baɗini, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.