'Yar Sarki: Mutum Ce Ko Igiyar Zumunta?

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na tarar a gida Gulma a hutun da ya wuce. Shekara shida ke nan mahaifinmu da ƙanensa ba sa ga maciji saboda wata gonar shinkafa ta gado a fadama. Sai dattawa suka ga ba abin da zai kashe wutar sai a ba ɗan Baffa ƙanwata, wadda saura shekara guda ta gama sakandare. Aka ce in lallashe ta, tunda tana jin maganata. Da na same ta, sai ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ce gonar?" Har yau ban ba ta amsa ba.

Wannan dabara tsohuwa ce, kuma a gidajen sarauta aka fi saninta. Alal misali, labarin baka na ƙasarmu ya ce mahaifiyar Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, 'yar Sarkin Katsina ce. To, mai karatu, tambayi yaran makaranta a Argungu sunan Kanta, kowa zai ɗaga hannu. Tambaye su sunan uwar, ka ji shiru. Haka abin yake har a can Koriya. Sarki Tejo, wanda ya kafa daular Goriyo a 918, mata 29 ya aura don ya ɗaure manyan gidajen ƙasar a jikinsa, sa'an nan aka aurar da wasu 'ya'yansa mata ga 'yan ubansu don kada mulki ya fita gida. Watau dai 'yar sarki a littafin tarihi 'yar wane ce, matar wane, uwar wane, shi ke nan.

Kada a ce na raina zumunta. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, kuma auren da ya hana zubar da jini ba abin wasa ba ne. Amma mu dubi gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Dangantaka kam ba a magana. Duk da haka abin da ya raya sunanta shi ne waƙoƙinta da Fulatanci da Hausa da Larabci, da ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji ta ba su malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Ƙanwarta Maryam an kai ta Kano gidan Sarki Ibrahim Dabo, auren da ya ƙara danƙo tsakanin Kano da Sakkwato, amma bayan ya rasu a 1846 ta koma gida, daga baya ta gaji Asma'u a wannan aiki. An cika musu kai da ilmi tukuna kafin a ɗora musu nauyin dangi. Shi kansa Shehu, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

A nawa ɗan tunanin, ga inda gizo ke saƙa: bashin zumunta yana kan wanda ya yanke ta. Ƙanwata ba ta ci iyakar gonar kowa ba, ba ta gaya wa kowa baƙar magana ba. In auren ya lalace, ita za ta kwana da kuka, gabar kuma ta ninka. Bugu da ƙari, addini ya ce a nemi izinin budurwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka in na koma zan durƙusa gaban Baba in roƙe shi su zauna da Baffa a gaban malami a raba gonar, ita kuwa a bar ta ta gama karatu. Ina jin tsoron fushinsa ƙwarai, amma na fi jin tsoron tambayar yarinyar nan. Allah ya sa mu dace, amin.