Nasiha Ga Masu Doguwar Tafiya a Keke

Jama'a, muna ganin matasanmu suna ɗaura niyyar taka keke daga nan Legas zuwa Kano, kusan kilomita 1,000. Madalla da himma. Amma idan gwiwa ta kumbura tun a Ilori, kada tsoron "me za a ce" ya hana mutum tsayawa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi, saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa. Sai ya umarce shi ya hau abin hawa, domin Allah ba Ya buƙatar ya azabtar da kansa.

A rage tafiyar yini, a ga likita. In ciwon ya ƙi, a ɗora keken a mota. Iyaye, don Allah ku buga musu waya ku faɗa musu haka.