Wa Ke Biyan Kuɗin Kallon Giwa?

Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Wunti a makon Kirsimeti ko na Ista ba zai rasa ganin motar bas cike da baƙi ba. Wata ta 'yan makaranta ce, wata ta ƙungiyar matasa ko zumuntar mata, wata kuwa iyali ne guda daga Jos ko Abuja. Sukan sayi burodi da lemo da ruwan gora, sa'an nan su kama hanyar Gombe, su ratse a Dindima, su nufi Yankari. Mai shago ya yi ciniki, direba ya sami lodi, mai masauki ya sami na cefane. Wannan alheri ne, ba kuwa mai musunsa.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi a cikin motar ba. Idan baƙo ya biya kuɗin ƙofa, ya shiga ya yi kallo ya fito, shin ya sauke dukan hakkin da ke wuyansa ke nan?

An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya kuma koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 2,200. A cikinsa ne ruwan Wikki yake ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na digiri 31, rani da damina ba ya canjawa. A nan ne kuma ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya yake, tare da ɓauna, gwanki, dorina da gwaggon biri. Rijiyoyin Dukkey da kogunan Marshall suna shaida cewa mutane sun taɓa zama a wannan daji tun kafin a ja masa iyaka.

Baƙo yakan zo da rani, domin a lokacin ne ciyawa take bushewa, namun daji su gangaro kogin Gaji neman ruwa, a gan su a sarari. Manomin da gonarsa take gefen dajin, a ƙasar Duguri ko Pali ko Gwana, shi da kaka yake ganin giwa, kuma da dare. Babbar giwa tana iya cin abinci har kilo 150 a yini guda, abin da ta tattake kuma yakan fi abin da ta ci. Garke ɗaya ya isa ya share wahalar damina ɗungum kafin asuba: dawar da za a ci, masarar da za a sayar a biya kuɗin makaranta, har da irin baɗi. Doka ta hana manomin nan ya ɗaga mata hannu, kuma daidai ne da ta hana, gama in aka bar kowa ya rama, ba da daɗewa ba giwa za ta zama tatsuniya. Sai dai dokar da ta tsare giwa ba ta cika rumbun da ya zama wofi ba. Haka makiyayin da aka hana shi shiga da shanunsa, da maharbin da ya gāji sana'ar kakanninsa ya wayi gari sunansa ɓarawon daji. Masu gadin dajin ma sun biya nasu farashin, domin akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta.

To, ga yadda lissafin ya tsaya. Daɗin kallo na mai zuwa ne daga nesa, ribar ciniki ta fi tsayawa a birni da kuma baitulmali, asara kuwa ta faɗa kan wanda bai taɓa kwana a ɗakunan Wikki ba. Ba wanda ya shirya zalunci a nan. Iyalin da suka tara kuɗi wata uku domin su nuna wa 'ya'yansu ikon Mahalicci ba su yi laifi ba. Duk da haka, rashin mugun nufi ba ya share bashi. Littafin Farawa ya nuna an sa mutum cikin gona domin aiki biyu, watau nomanta da kuma kiyaye ta. A Yankari kamar an raba aikin ne gida biyu ba da shawara ba: wasu suna more kiyayewar, wasu suna ɗauke da nauyinta.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Da gaskiyarsa, har zuwa wani matsayi. Ƙasar Ruwanda, wadda take karɓar har dala 1,500 daga baƙon waje mai son ganin manyan biranta na kan duwatsu, ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gandun dajinta domin ƙauyukan da ke kewaye a 2005, ta kuma ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017. Da shi ake gina azuzuwa da ɗakunan shan magani. Namibiya, wadda daga can aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa zuwa gandun Sumu a 2006, tun 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu. A Yankari ma, bayan yarjejeniyar da jihar ta ƙulla da ƙungiyar WCS a 2014, kisan giwaye ya ragu ƙwarai, aka kuma ɗauki wasu mazauna ƙauyuka su riƙa ba da labarin motsin garke tun kafin ya iso gona. Abin yana yiwuwa ke nan idan an so.

Amma akwai rabon da ba na gwamnati ba. Gwaggon birin da yake fizge jaka a sansanin Wikki ba a daji ya koyi sata ba. Hannun baƙi ne ya saba masa da biskit. Ledar ruwa da gorar lemo da ake tsinta a bakin maɓuɓɓugar ba iska ce ta kawo su ba, sau da yawa daga shagunan birni suka hau mota. Akwai kuma abin da ya fi shara ciwo, shi ne baƙon da zai sauke gilashi a Mainamaji, ya ɗauki hoton yara da matan da ke ɗauke da itace ba sallama ba izini, kamar su ma suna cikin abin da ya biya ya gani. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa takan jiƙa ganye ta tashi, ba ta barin dauɗa a baya.

Ikilisiyar da take shirya irin wannan tafiya takan zauna ta lissafa kuɗin mota, na abinci da na ƙofa, har kobo na ƙarshe. Ba wuya a ƙara layi ɗaya a takardar ma'aji: a yi wani ɓangare na sayayyar a ƙauyukan bakin hanya maimakon a kwashe kome daga Wunti, a sallami ɗan jagora da hannu sake, a tafi da buhun da za a komo da shara a ciki. Ikilisiyoyin da ke ƙaramar hukumar Alkaleri sun san gidajen da giwa ta yi wa ɓarna, Kirista da Musulmi, sun kuma san watan da hatsi yake yanke musu. Wasiƙa ɗaya zuwa ga fastocinsu kafin a ɗauki shatar mota ta isa a san buhu nawa ya kamata a saka a bayan bas ɗin.